Atishawa a Cikin Rumbu

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin hutun damina na shekarar 1998, ina aji biyar, na ɗaga hannu a gaban dukan makarantarmu na ba da wani labari da har yau nake cewa da ma ciwon haƙori ya hana ni buɗe baki a ranar. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, ganyen darbejiyar tsakiyar fili yana ta ɗigo mana a ka. Muna zaune a kan tabarmi, takalmanmu jere a gefe kamar a ƙofar masallaci, ita kuma baƙuwarmu, wata tsohuwa da duk gari ke kira Iya Falmata, tana kan kujerar hedimasta da aka shimfiɗa wa darduma, ƙafafunta ko ƙasa ba su kai ba. Malam Habu, wanda ya shirya taron, ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya taɓa jin labarin zamanin da ake kama yara da ƙarfi a kai su makarantar kwana. Bai rufe baki ba hannuna ya riga ya kai sama, har ina kaɗa yatsu don kada wani ya riga ni. A gida Rediyo ake ce mini, kuma ba zalunci aka yi mini ba. Ina da labari, na san yana da daɗi, na kuma san ba a taɓa ba da shi an ƙi dariya ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Babura, kusa da iyaka, inda ranar kasuwa za ka ga mai awo yana karɓar naira da hannun dama, sefa da na hagu. Gidanmu shi ne gidan dagaci. Kakana ya yi sarautar har ya rasu, yayan babana ya gaje shi, saboda haka mun tashi cikin babban gida mai zaure biyu, da turken shanu a baya, da rumbuna bakwai jere a jikin katanga. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa. Da safe shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa a rijiyar bakin masallaci, in an tashi daga makaranta a kai wa manoma abinci gona, a dawo da ciyawar awaki a ka, da yamma kuma surfe ko ɓarar gyaɗa. A tsakanin waɗannan muke satar lokacin carafke da 'yar gala-gala, muna zana gidajen da tsinke a ƙasa, Inna tana ƙwala kira muna cewa ga mu nan alhali ko motsi ba mu yi ba. Ɓarar gyaɗa ce kaɗai aikin da ba na gudu, domin a nan ne Goggo Dije, yayar babana da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, take miƙe ƙafa ta buɗe jakar labarai. Wanda muka fi so, wanda muke sa ta maimaita har ta ce mun ishe ta, shi ne labarin rumbu.

Ga yadda yake. Tana 'yar shekara bakwai, zamanin Turawa, aka aiko daga sama cewa kowane dagaci ya ba da yarinya ɗaya a kai ta makarantar kwana can wani birni mai nisa, kuma an fi son 'yar dagacin kansa don talakawa su yi koyi. A lokacin, a ce an ɗauki 'yarka zuwa makarantar boko daidai yake da a ce ta mutu. Da aka hango jar hular ɗan doka daga bakin gari, sai kakarmu ta sa aka ɗage jinkar babban rumbu aka zura Goggo a kan damman gero, aka miƙa mata ƙwaryar ruwa aka rufe. Ɗan doka ya zauna a zaure ana dama masa fura, kakana dagaci yana rantse-rantsen cewa duk 'ya'yansa mata suna goye. Can ƙaiƙayi ya shiga hancin Goggo. Ta toshe, ta danne, ta ciji zani, amma ina, atishawa ta ƙwace. Kakarmu ta zabura ta hau dakan turmin da babu komai a ciki. Ɗan doka ya ajiye ludayi ya ce wane ne wannan, kakana ko gezau bai yi ba ya ce, "Akuya ce ke mura." A nan muke faɗuwa muna birgima a kan ɓawon gyaɗa. In mun lafa sai Goggo ta karkaɗe zaninta ta ce, "To, sai suka tafi." Nan labarin yake tsayawa kullum. Mun fi mu goma a kan tabarmar nan, shekara da shekaru, amma ko ɗayanmu bai taɓa tambayar da wa suka tafi ba.

Iya Falmata kuwa tana can ƙarshen gari, a unguwar da muke ce wa ta Barebari, zuriyar fataken kanwa da suka zo daga gabas da jakuna suka zauna. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana kudu yana neman abinci, ita kaɗai ce a gida sai kaji da wata tunkiya mai taurin kai. Tana sayar da kanwa da daddawa da kuka a faifai a bakin ƙofa. Siririya ce, mai tsabtar da ta wuce misali. Shimfiɗar gadonta a miƙe take kamar an sa guga, kwanukanta jere daga babba zuwa ƙarami. Mun san tana karanta takarda, don mata kan kai mata wasiƙa ko kwalbar maganin asibiti ta gaya musu sau nawa za a sha, amma ba mu taɓa tunanin inda ta koya ba. Duk ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, Goggo takan zuba fura da nono mai kyau a kwanon samira ta ce in kai wa Iya. Ni na ɗauka sadaka ce irin ta Juma'a. Iya ba ta taɓa mayar da kwanon fanko ba: ko guntun kanwa, ko ƙullin daddawa, ko dabino uku, wanda ɗaya ne kawai ke isa gida.

A wajen kai kwanon nan ne na gano abin da ya zama wasana. Wata Juma'a murfin ya suɓuce mini a dokin ƙofarta ya bugi dutse ya yi ƙara. Iya tana tsugune tana wanke wake. Sai na ga ta saki ƙwarya, wake ya watse, ta miƙe cak, ƙafafu a haɗe, hannaye a manne da cinya, ido a gaba. Ta yi kamar minti guda a haka kafin ta dawo hayyacinta ta dube ni. Da wani yaron ne, da ya ji tsoro. Ni dariya na yi har da riƙe ciki. Juma'ar da ta biyo na tafi da cokali a ƙugu, na laɓe a bayan dangarta na buga murfin sau uku, aka kuma maimaita. Daga nan na fara gayyatar ƙawayena kallo. In ta miƙe sai in leƙo in ce, "Baiwata, haka nake so, ki riƙa miƙewa in uwar gijiyarki ta zo." Ita kuma ta yi wani guntun murmushi ta ce, "Bafulatanar banza, Allah ya shirye ki." Wanda bai san mu ba zai ce wace irin mara kunya ce wannan, to amma mu Fulani ne, ita Babarbariya, kuma tsakaninmu da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, yaro ya tsokani tsoho, ba a fushi, wanda ya yi fushi ma shi ya faɗi. Sau ɗaya wata maƙwabciyarta ta kai ƙarata gida, aka ce da ita, "Bafulatani da Babarbare, ai babu mai shiga." Da wannan izini na ci gaba, kusan shekara biyu. Na lura da yadda take sunkuyawa ita kaɗai tana tsince abin da ya zube. Na lura sarai, ba zan yi wa kaina ƙaryar cewa ban gani ba.

Malam Habu mutumin Roni ne, an turo shi makarantarmu muna aji biyar. Dogo ne mai ƙaramar murya, yana da keke da yake gogewa fiye da yadda yake goge takalminsa. Makarantar ba wata babba ba ce: azuzuwa shida, biyu babu ƙyaure, randa ɗaya a gindin bishiya da moɗa ɗaure da igiya, sai wani tsohon ƙarfen wilin mota rataye a reshe, wanda shi ne ƙararrawarmu. Abin da ya dame shi shi ne ƙarancin 'yan mata a aji, da ya ji an ce akwai tsohuwa a garin mai karanta Turanci, sai ya ce ga fitila, a kawo ta ta yi mana huɗuba mu ga amfanin ilimi. Ya hau keke ya je gidanta da wannan niyya. Ban san abin da suka tattauna ba, amma ya koma sau uku, kuma da ya shigo aji bayan na ukun ya daɗe tsaye da alli a hannu bai rubuta komai ba. Sannan ya ce za mu yi rana ta musamman don girmama Iya Falmata, ba don ta riga kowa karatu ba, sai don abin da aka yi mata tana ƙarama kuma ta rayu. Ya ce akwai irinta a garuruwa da yawa, suna tsufa suna mutuwa ba wanda ya ce musu sannu. Ya kafa mana dokoki. Ba fareti, ba jeren layi, ba waƙar maci. Kowa ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda zai gaida kakarsa. In tana magana ba a tafi, ba a tambaya sai ta ba da izini. Kuma tun daga safe har a tashi, ba za a buga ƙararrawa ba. Ya sa monita ya kwance ƙarfen ya kai ofis ya rufe da buhu. Yara suka yi ta mamakin wannan doka ta ƙarshe. Ni ban yi mamaki ba. Na ci awarata ta hutun ƙarfe tara, na koma wasa.

Mako guda muna shiri. Muka share fili, muka cire tsaidau, 'yan aji shida suka yi karo-karon ƙwai da gero, mu 'yan mata muka saƙa mata faifai mai launi uku wanda gefensa ya karkace. Malam ya kuma sa wata 'yar ajinmu, Bintu, wadda har lokacin ana Barbarci a gidansu, ta koya mana gaisuwar safe da harshen, muka yi ta haddacewa muna karya harshe. Da Iya ta iso ranar, muka durƙusa muka haɗa baki muka gaishe ta da Barbarci. Muna jira ta amsa ta yaba mana. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Can ta ce da Hausa, "Lafiya lau, 'ya'yana. Na gode." Malam Habu ya sunkuyar da kai. Ina jin don ya ba ta lokaci ta nutsu ne ya juyo gare mu ya yi tambayar nan, ni kuwa na cafe. Na miƙe na gyara ɗankwali na zuba labarin rumbu tiryan-tiryan, har da kwaikwayon muryar ɗan doka, har da atishawar, wadda na yi sau uku don in ƙara armashi. Da na kai kan akuya mai mura fili ya ɗauki dariya, har hedimasta sai da ya rufe baki da hula. Na karkaɗe siket kamar yadda Goggo ke yi na ce, "To, sai suka tafi." Na zauna ina jin kaina a sama.

Iya ta bari dariyar ta mutu don kanta. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Gaskiya ta faɗa, haka aka yi. Ni ma na ji atishawar akuyar nan. Ina zauren a tsaye, hannuna a cikin hannun ɗan doka." Ta ce damina biyu ke nan da zuwansu garin a lokacin, dagaci ne ya ba babanta gona da filin gida, saboda haka da aka aika kiransa ya zo da 'yarsa, bai ga bakin cewa a'a ba. Ta ce kakana ya dafa kanta ya ce da ɗan doka, "Ga baiwata nan, ku tafi da ita," mutanen zaure suka yi dariya, babanta ma ya yi, don wasa ne, ba a fushi. Uwarta ba ta jin Hausa; sai da ta ga an ɗora yarinya a kan jaki ta gane, ta bi su da gudu har tsamiyar bakin gari. A can makarantar aka aske mata kai ranar farko, aka karɓe zanen da uwarta ta ɗaura mata, aka ba ta lamba. Da ƙararrawa ake tashi, da ita ake ci, da ita ake kwanciya, wadda ƙarar ta same ta a zaune kuwa ta san sauran. Duk wadda aka ji tana yaren gidansu, a rataya mata guntun katako a wuya ta yini da shi ba abinci. Wata 'yar Fulani da suke kwana kusa da juna ta yi zazzaɓi ta mutu, sai bayan wata biyu aka sanar da iyayenta. In an yi hutu ba a barinta ta zo gida, a gidan wani babban mutum ake ajiye ta don kada ta ƙi komawa. Shekara biyar. "Da na dawo," in ji ta, "uwata ta rungume ni tana ta magana. Na san muryar, ban san maganar ba. Shekara biyu ta ƙara a duniya, da hannu muke zance." Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni fiye da yadda ta dubi kowa ba. Ta rufe da cewa karatu ba laifi ba ne, ita ma ta ci amfaninsa, mu yi shi da gaske, amma duk wanda zai ɗauki ɗa, ya tambayi uwarsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba, domin kalmar da kakana ya miƙa ta da ita, ita ce nake jefa mata duk Juma'a.

Da aka tashi Malam Habu ya tsayar da ni. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce labarin rumbu ba laifina ba ne, rashin sani ne, amma ya ji labarin murfin kwano, wannan kuwa nawa ne, kuma na san abin da ake yi in an yi wa babba laifi. Na ce to. Na isa gida na tarar da Goggo tana tankaɗe, na tsaya a kanta ina huci na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mana Iya aka ɗauka ba. Ta ci gaba da buga rariya, ta ce, "Kin taɓa tambaya?" Can kuma ta ce, "Ke kina zaton kwanon Juma'a na mene ne?" Ashe tun kakarmu ake aika shi, tun shekarar da Iya ta dawo, da kakar tamu ta rasu Goggo ta ɗauka. Ashe kuma Goggo, da duk surutunta, ba ta taɓa taka gidan Iya ba; in sun haɗu a gidan suna ko makoki su gaisa a tsaitsaye, kowa ta kama gabanta. Na ce to me ya sa take ba mu labarin muna dariya. Ta ajiye rariyar ta ce, "In ban ba da shi da dariya ba, da me zan ba da shi?" Daga ranar ban sake jin sa a bakinta ba, ko an roƙe ta sai ta ce ta manta.

Washegari Juma'a ce. Na naɗe murfin kwano da tsumma don kada ya yi ko ƙis, na tafi ina bitar maganar a hanya: Iya, ki yafe mini. Kalma huɗu ce, ni da ake ce wa Rediyo. Na yi sallama na durƙusa har ƙasa, abin da ban taɓa yi mata ba. Ta dubi tsumman, ta dube ni, ta ce, "Yau ƙararrawar ta lalace ne, uwar gijiyata?" Na buɗe baki, sai hawaye. Ta juye furar, ta wanke kwanon, ta saka dabino uku ta ce, "Tashi, Bafulatana ba ta kuka a gidan bayinta. Ki gaida mai rumbu." Ta buɗe mini ƙofar wasa, ni kuwa na bi ta nan na tsere, don ta fi sauƙi. Na ce Juma'a mai zuwa zan faɗa. Juma'ar ta zo na share mata tsakar gida, ta gaba na cika mata randa, wata na yi wa tunkiyarta ciyawa. Na yi mata duk aikin da hannu ke iyawa, ina fatan ya tsaya a madadin baki, kuma na san bai tsaya ba. Magana in ta kwana sai ta ƙara nauyi, tawa kuwa ta yi fiye da shekara tana kwana.

Da na gama aji shida na ci jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata. A takardar da aka aiko an ce kowace ɗaliba ta ɗinka lambarta a jikin kayanta. Duk garin babu mai ɗinkin hannu kamar Iya, Inna ta ce in kai mata. Na tsaya ina jan ƙafa, amma na kai. Ta karanta takardar da kanta, ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta tambaye ni, "An tambayi uwarki?" Na ce an tambaye ta, ta yarda. "Ke fa?" Na ce ni ma ina so. Ta ce to madalla, in dawo jibi. Da na dawo na tarar da zanen gado da riguna da ɗankwali a ninke, kowanne da jan zare an rubuta sunana, Hajara, a gefe, babu lamba ko ɗaya. Na ce Iya za a buge ni. Ta ce, "Ki ce tsohuwa ce ba ta iya lissafi ba." Ranar ce rana mafi dacewa, mu biyu ne kawai, ga kayan a cinyata. Na ce na gode, na ce sai na dawo hutu. A zangon farko ta rasu, ba a gaya mini ba sai da na sauko daga mota da akwatina. Aka ce Goggo ce ta fara isa gidan, ita ta yi mata wanka. Shigarta ta farko ke nan.

Yanzu ina zaune a Kazaure, ina aikin asibiti, 'ya'yana huɗu. Rumbunan gidanmu duk sun rushe, hatsi a buhu ake zubawa a kulle a ɗaki, unguwar Barebari ta haɗe da gari har ba ka gane inda ta fara, kuma yaran yanzu in ka ce musu an taɓa ɓoye yarinya don kada ta je makaranta sai su zaci tatsuniya ce. Kwanakin baya malamar 'yata Ummi ta ce kowa ya nemo labarin wani dattijo da ya sha wuyar makarantun farko, za su yi ranar girmama su. Na ji daɗi da na ji haka, na tuna Malam Habu da buhun da ya rufe ƙarfe da shi. Sai ga Ummi ta shigo tana ƙyalƙyala dariya, wai ta samu nata, ɗan kawunta ya ba ta a waya: labarin akuya mai mura. Ashe yana nan da ransa, ya tsallake Goggo, ya tsallake ni, yana yawo a gidajenmu da ƙarshensa a guntule. Na bar ta ta kai har "sai suka tafi", sannan na ce, "Da wa suka tafi?" Na zaunar da ita na faro mata daga zaure, ba daga rumbu ba, ban kuma tsallake murfin kwano da cokali ba. Na ɗauko mata tsohon ɗankwalin nan mai jan zare ta tafi da shi makaranta. Ina kewar tabarmar ɓarar gyaɗa, ina kewar dabino ukun nan, amma abin da na fi kewa shi ne Juma'a ɗaya tak daga cikin waɗanda na zubar. Yau kowa ya ji laifina daga bakina, sai ita.